Kwamfutata tana mutuwa farat ɗaya ko da tana jikin caja, ina mafita?

Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka min. HP EliteBook 840 G3 ce, ta hannu na saya bara. Tun da zafin nan ya kama take mutuwa farat ɗaya, ba gargaɗi ba komai, allo ya yi baƙi, fanka ta tsaya. In na danna madannin kunnawa sai ta tashi lafiya ƙalau. Wani lokaci ta daɗe ba ta yi ba, wani lokaci ko zama ban gama gyarawa ba ta ɗauke. Abin da ya fi ɗaure min kai, har tana jikin caja tana yi. Ina babi na huɗu na furojet ɗina, jiya teburan bayanai da na kwana ina jerawa a ciki suka tafi. Wani ya ce in sayar da ita kawai, ni kuma ba ni da kuɗin wata.

Anti Larai:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin masana su iso ki bar komai ki kwashe aikin nan yanzu-yanzu. Ki zuba shi a filas, ki kuma tura wa kanki ta imel ko ki ɗora a Google Drive, ai gigabait 15 suke bayarwa kyauta. Kwamfutar da ke mutuwa tana tsakiyar ajiye fayil, wata rana fayil ɗin ne zai ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Sannan ki shiga Word, ki bi File, Options, Save. Za ki ga yana ajiye aiki da kansa duk minti 10, ki mayar da shi 2.

Mubarak:
Bairos ne wannan, Anti Hafsa. A yi mata fomat a zuba sabon Windows, shi ke nan an wuce wajen. Ɗalibai ai kullum cikin soka filas ɗin juna kuke.

Malam Sadisu:
Mubarak, a jingine maganar fomat tukuna. Yarinya tana tsakiyar furojet, ba a san ciwon ba, sai a share mata komai?

Malama Hafsa, mutuwar kwamfuta iri-iri ce, kuma kowace da inda take nunawa. Akwai barci: allo ya ɗauke amma fitilar madannin kunnawa tana ƙyaftawa, in kin taɓa ta ki tarar da aikinki yadda kika bar shi. Wannan sau da yawa saiti ne, wani lokaci ma maganaɗisu ne, domin kwamfuta da maganaɗisu take gane an rufe murfinta, to in aka ajiye waya mai rigar maganaɗisu a gefen madannai sai ta ɗauka an rufe ta. Akwai wadda za ta nuna shuɗin allo ta sake tashi da kanta. Akwai wadda Windows ne zai rubuta yana kashewa, kamar bayan sabuntawa. Akwai kuma yankewar wuta ɗungurungum. Wacce ce taki? In ta tashi, aikinki yana nan a buɗe ko daga farko take farawa?

Hafsa:
Na gode Anti, na kwashe, Allah ya saka da alheri. Malam, ta ƙarshen ce. Fitila ba ta ƙyaftawa, duk ta mutu. In ta tashi daga tambarin HP take farawa, Word kuma ya nuna min fayil ɗin da ya ceto a gefe. Ban taɓa ganin shuɗin allo ba.

Injiniya Bala:
To ƙanwata, a shago in aka kawo mana irin wannan a watan Maris ko Afrilu, zafi muke fara dubawa. Hunturu ya gama cusa wa kwamfuta ƙura, sai bazara ta zo ta ɗora nata. Yawancin kamfanoni iyakar zafin ɗakin da suke rubutawa ga laftof digiri 35 ne, mu kuwa a Kano rana tana haura 40 a wannan lokaci, ga rufin kwano, ga ba wutar fanka.

Yadda abin yake a ciki: firosesa yana yin zafi, akwai bututun jan ƙarfe da ke kwance a kansa yana jan zafin zuwa wasu siraran ƙarafa da ke jere a bakin tagar iska, fanka kuma ta busa ta tsakaninsu. Ƙura a bayan waɗannan ƙarafan take taruwa, ta dunƙule kamar audugar katifa, sai ki ji fanka tana ihu amma iskar da ke fita ba ta taka kara ta karya ba. Tsakanin firosesa da bututun kuma akwai wani mai mai ruwan toka da ake shafawa don ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani. Wannan samfurin a 2016 ya fito. In ba a taɓa canza man ba, ya bushe ya zama ɓawo.

Firosesan da ke cikinta na Intel ne zubi na shida, iyakarsa digiri 100. In ya kusanci nan sai ya rage gudu don ya huce, in abin ya faskara sai a yanke wuta don kada ya ƙone. Ki sauke HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne. Ki faɗa mana lambar da kike gani in ba kya komai, da kuma in kin buɗe aiki mai nauyi. Kuma a ina kike ɗora ta?

Hafsa:
A kan gado, Yaya Bala, wani lokaci kan filo. Ɗakinmu babu tebur. Na sauke HWMonitor. In ba na komai tana wajen 65. Da na buɗe SPSS, manhajar lissafin bayanan bincike, da Chrome ta kai 93.

Injiniya Bala:
Ya yi yawa. Ta ƙasa take shaƙar iska, filo kuwa toshe ta yake. Ki samu faranti mai faɗi ko katako ki riƙa ɗora ta, ki ɗan ɗaga bayanta. Amma ki lura da magana ɗaya: 93 zafi ne, sai dai bai kai na yanke wuta ba. HP kuma in zafi ya kashe ta, sau da yawa in ta tashi tana nuna baƙin allo da gargaɗi mai lamba 90D, in fanka ce ta tsaya ta nuna 90B. Kin taɓa ganin ɗaya daga ciki? Ko ma mene ne, share ta dole ne. In zafin ne mun huta, in ba shi ba ne mun cire shi daga lissafi.

Hafsa:
Ban taɓa ganin waɗannan ba. Akwai dai wani rubutu da yake fitowa in na kunna, mai lamba 601, sai in danna Enter ya wuce. Tun da na saye ta yake fitowa, mai shagon ya ce ba komai ba ne.

Injiniya Bala:
Ki riƙe wannan 601 ɗin, gargaɗin batir ne, za mu dawo kansa.

Abban Nana:
Maganar ƙura ba sai an kai shago ba. Ni a wajen aikina kwamfutoci da yawa nake da su, duk ƙarshen hunturu wajen mai faci nake kai su ya busa musu iska ta tagar, ƙura ta fito baƙi ƙirin. Ba ko sisin kirki.

Injiniya Bala:
Alhaji, manyan kwamfutocin tebur da ake buɗe gefensu suna iya jure wannan, laftof kuwa ban yarda ba. Tankin mai faci yana tara ruwa, iskar tana fitowa da danshi, wani lokaci har da mai. Ƙarfinta yana juya 'yar ƙaramar fankar nan fiye da yadda aka yi ta, ya kashe mata ƙafa, daga nan ta fara gurnani. Na uku kuma, in ka busa daga waje, dunƙulen ƙurar ciki kake turawa, ya je ya maƙale a fikafikan fanka. An sha kawo min wadda fankarta ke juyawa kafin a busa, bayan an busa ta tsaya cak. Daidai shi ne a kwance murfin ƙasa, a cire batir daga bod, wato babban allon lantarkin da ke ciki, a ciro fanka, a zare ƙurar da buroshi mai laushi. In za a busa, a danne fankar da yatsa.

Abban Nana:
Ni dai ban taɓa samun matsala ba, amma kai ne a cikin sana'ar. Man firosesan fa? Wani yaro ya taɓa ce min makilin ma yana yi.

Injiniya Bala:
Wallahi kada wanda ya gwada. Makilin ruwa ne a cikinsa, zafi na taɓa shi zai bushe ya farfashe, ya bar firosesa ba komai. Man gaskiya ba shi da tsada, ƙaramin sirinji ɗaya yana yin kwamfutoci da dama. A goge tsohon tas da sifirit, a ɗiga kaɗan a tsakiya, a mayar da bututun a ɗaure kusoshinsa bi da bi yadda lambobin da ke jikinsa suka nuna. Ƙanwata, in kin kai shago ki tsaya a yi a gabanki, ki ce a nuna miki ƙurar da aka ciro da man da za a saka. Ki kuma ce a duba ko batir ya kumbura.

Hafsa:
Salamu alaikum, na dawo da bayani. An share ta a gabana, ƙurar da aka ciro abin mamaki, man kuwa ya bushe har sai da aka kankare. Batir bai kumbura ba. Yanzu in ba na komai tana 45 zuwa 48, da aiki mai nauyi ba ta wuce 72, fankar ma ta yi shiru. Na yi murna. Amma yau da asuba, gari da sanyi, tana kan katako, tana jikin caja, takarda kawai nake karantawa, ta sake ɗaukewa. Gaskiya jikina ya yi sanyi.

Mubarak:
Kun gani ko? Tun farko na ce fomat. An kashe kuɗin shara a banza.

Malam Sadisu:
Ba a banza ba, Mubarak. Digiri 20 aka rage mata, kuma yanzu mun san ba zafi ke kashe ta ba. Maganarka ma akwai hanyar gwada ta ba tare da an goge ko harafi ɗaya ba. Malama Hafsa, ki kunna ta ki yi ta danna Esc, in jerin zaɓi ya fito ki danna F10, za ta shiga BIOS, wato saitin da ke cikin kwamfutar kanta. A nan Windows bai tashi ba, babu manhaja, babu bairos. Ki bar ta a nan ki ci gaba da hidimarki. In ta mutu a nan, babu ruwan Windows.

Kafin nan ga abubuwa biyu da za ki duba mana. Na farko, ki rubuta Event Viewer a wurin bincike, ki shiga Windows Logs, sannan System. Ki nemi layukan da aka rubuta Kernel-Power, ki faɗa mana lambobinsu kusa da lokacin da ta mutu. Lamba 41 za ki gani tabbas, amma kada ta ruɗe ki. Mutane da yawa suna ɗauka ita ce cutar, alhali Windows ne kawai yake rubutawa bayan ya tashi cewa ba a kashe shi ta hanya ba. Ki danna ta, ki shiga Details, ki duba BugcheckCode. In lamba ce ba sifiri ba, to shuɗin allo ne ya faru ba ki gani ba, sai mu koma kan direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta, da ram, ma'ajiyar aikinta ta wucin gadi. In 0 ce, Windows bai samu damar cewa komai ba. Ki duba kuma ko akwai 86 ko 88, su ne na kashewa saboda zafi.

Na biyu, ki buɗe Command Prompt ki rubuta powercfg /batteryreport ki danna Enter. Zai gaya miki inda ya ajiye rahoton, ki buɗe shi da Chrome. Muna son Design Capacity, da Full Charge Capacity, da abin da ke ƙarƙashin Recent Usage.

Hafsa:
Malam, na yi duka. A BIOS ma ta mutu, ina ɗaga ta zan matsar da ita gefe ta ɗauke. BugcheckCode 0 ne. Babu 86 babu 88. Amma akwai lamba 105 da yawa, a jere a jere, an rubuta Power source change. A rahoton batir, na farkon dubu 46 da ɗoriya, na biyun dubu 10 da 'yan kai. A Recent Usage kuma ina ganin AC, sai Battery, sai AC, sai Battery, wasu tsakaninsu ko minti ɗaya babu. Ni kuwa ban cire caja ba a lokutan nan.

Mubarak:
To in a BIOS ta mutu, maganar fomat ta faɗi. Ina biye da ku, ni ma ina ƙaruwa.

Malam Sadisu:
Madalla. Wannan bayanin ya fi duk wanda muka samu. Dubu 46 ɗin shi ne abin da aka ƙera batir ya ɗauka, dubu 10 shi ne abin da yake iya ɗauka yau, wato bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shi ne 601 ɗin da ake ce miki ba komai ba. Lamba 105 kuma Windows yana rubuta ta duk lokacin da kwamfuta ta koma daga caja zuwa batir ko daga batir zuwa caja. Kin ce ba ki cire ba, ita kuma ta ce an cire. Ke nan wutar caja tana yankewa tana dawowa ba ki sani ba. Laftof mai lafiyayyen batir ba za ta ko girgiza ba, batir zai tare. Taki kuwa wani lokaci ya tare, shi ne layukan da kika gani, wani lokaci ya kasa, shi ne mutuwar. Matsala biyu ce ta haɗu. Injiniya, daga nan fagenka ne.

Hafsa:
Amma Malam, ai yana nuna min kashi 100, ko 80. Ta yaya batir mai 80 zai kasa riƙe ta na daƙiƙa ɗaya?

Injiniya Bala:
Tambaya mai kyau. Kashin da kike gani ƙiyasi ne, wani ɗan guntun lantarki da ke cikin batir ɗin ne yake lissafawa, kuma in batir ya tsufa lissafin yana kaucewa. Batir ɗin wannan samfurin, CS03XL, ƙwayoyi uku ne a ciki a jere, wuta sai ta bi ta kowacce. Ba sa tsufa daidai. In ɗaya ta raunana, tana iya nuna ta cika in ba a ja komai ba, amma da zarar nauyin kwamfuta ya faɗo mata gaba ɗaya sai ƙarfinta ya zube ƙasa. Na'urar kariyar da ke ciki tana ganin haka za ta yanke, don ƙwayar lithiyam in aka tatse ta fiye da ƙima tana lalacewa, tana iya zama haɗari. Shi ya sa ake ganin laftof tana kashi 40 ta ɗauke. Zafin da ta daɗe tana ciki ma ya taimaka wajen cinye shi, babu abin da ke tsofar da batir irin zafi yana cike.

Yanzu sai mu nemo inda wutar ke yankewa. Wuri huɗu ne: soket ko wayar jona wuta, igiyar da ke shiga tubalin caja daga bango, siririyar igiyar da ke fita daga tubalin zuwa kwamfuta, sai ramin caja na jikin kwamfutar. Ki ajiye aikinki, ki rufe komai. Akwai 'yar fitilar caja a jikin kwamfutar, ki zuba mata ido. Ki riƙe kwamfutar kada ta motsa, ki bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya kina lanƙwasa igiya a hankali. Ki fi mayar da hankali kan wuyan tubalin da wuyan kan da ke shiga kwamfuta, a nan waya ke karyewa a ciki roba tana rufe da ita, musamman ga masu naɗe igiya tamau a jikin tubali.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen zaure. Ku haɗa da wutar gidan kanta. Nan wajenmu lokacin zafi kuran, wato wutar lantarki, yana sauka ƙwarai da dare in kowa ya kunna fanka da firji. A jikin caja an rubuta tana karɓar 100 zuwa 240, kuma ta asali tana jurewa. Amma na jabu da ke cika kasuwa rubutun kawai suka kwafa, wuta na ɗan rawa sai su saki. Malama, cajar taki ta asali ce?

Abban Nana:
Wannan gaskiya ne. A shagona in muna kan ƙaramin janareto, injin hoton takardu na fara ɗumama sai ka ga fitilu sun dusashe. Akwai laftof ɗaya mai mataccen batir da take mutuwa daidai wannan lokacin, sai da na raba musu layi.

Hafsa:
Na gano wurin! Soket lafiya, ramin kwamfuta ma na girgiza kan a hankali fitila ba ta motsa ba. Amma ina lanƙwasa siririyar igiyar a daidai inda ta fito daga tubalin, fitilar ta ɗauke, na sake ta ta dawo. Da na maimaita sai kwamfutar ta mutu gaba ɗaya, daidai yadda take yi. Cajar ita aka haɗo min da ita, akwai tambarin HP amma ba ta da nauyi ko kaɗan in na gwada da ta ƙawata, kuma tana zafi sosai. A kan gado nake aiki, ashe duk motsin da na yi igiyar nake ja.

Injiniya Bala:
Alhamdu lillahi. Ki daina amfani da ita daga yau, kada ki ce za ki naɗe ta da salatif ki lallaɓa. Wayar da ta karye a ciki tana tartsatsi, kuma wannan yankewa da dawowa yana dukan ɓangaren caji na bod. In ya ƙone shi, kuɗin gyaran ya ninka na caja sau da yawa.

Ta ƙawar taki in HP ce mai shuɗin baki, ki duba jikinta ki ga an rubuta 19.5V. In haka ne ki ara ki yi aiki da ita yini guda, sannan ki sake duba ko 105 ɗin nan suna ƙaruwa. Kada ki sayi komai sai wannan gwajin ya tabbatar.

Hafsa:
Tata 19.5V ce, amma 65W aka rubuta, tawa 45W. Ba za ta ƙona min ita ba?

Injiniya Bala:
Ba za ta ƙona ba. Bolt ne dole ya zo daidai, da kuma bakin. Wat kuwa iyakar abin da caja za ta iya bayarwa ne, kwamfuta abin da take buƙata kawai take ja. Mai 45 tana ba da amfiya 2.31, mai 65 tana ba da 3.33, duka biyun ana amfani da su a wannan samfurin. Wadda ta gaza ita ce matsala, ba wadda ta fi ba. Ni in zan saya miki ma mai 65 zan ɗauka, don ba za ta riƙa aiki a ƙurewar ƙarfinta cikin zafin nan ba.

Masu son aunawa da mita a gida, ku yi hattara da irin wannan bakin. Allurar da ke tsakiya ba ita ce mai wuta ba, ta nan kwamfuta ke gane ƙarfin cajar. Wutar tana bangon ciki na bututun. In tsinken mita ya haɗa allurar da bangon ana iya lalata caja mai lafiya. Wanda bai saba ba ya yi amfani da gwajin da HP ta saka a ciki: Esc, sannan F2, a shiga Component Tests, a zaɓi Power, akwai na batir akwai na caja.

Abban Nana:
Tunda batir ya mutu, a cire shi mana ta yi aiki da caja kawai. Ni haka nake yi, an huta da sayen wani.

Malam Sadisu:
Alhaji, kai kana da janareto a gefe. Ita ɗaliba ce a ɗakin haya, duk ɗaukewar nefa mutuwar kwamfuta ce a tsakiyar aiki, wato abin da ta zo kuka a kai. Ko a yadda yake, rahoton ya nuna yana tarewa wani lokaci. Tunda bai kumbura ba, a bar shi har ta samu kuɗin sabo.

Injiniya Bala:
Ina tare da Malam, da sharaɗi. Ranar da kika ga wurin linzamin yatsa ya ɗago, ko yana ƙin dannuwa, ko murfin ƙasa ya fara buɗe baki, ko kwamfutar ta daina zama daidai a kan katako, to ya kumbura. A ranar za a cire shi, ko da kuɗin sabo ko babu. Kada a danne shi, kada a huda shi.

Wani abu kuma: kada kowa ya ba ki shawarar sabunta BIOS a wannan halin. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta shi, kwamfutar tana iya ƙin tashi sai an kai ta wajen mai na'urar sake rubutawa.

Mubarak:
Malam Sadisu, tunda ana maganar, wannan kwamfutar za ta ɗauki Windows 11? Na ji an daina kula da 10.

Malam Sadisu:
Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga shirinsu na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel ya fara, ban da wasu ƙalilan, tata zubi na shida ce. Magana ce mai tsawo, ka buɗe mata zare daban. Ita dai kada ta taɓa Windows ɗinta sai ta miƙa furojet.

Hafsa:
Ga sakamako. Da cajar ƙawata na yi aiki tun safe har dare, na ɗaga ta, na matsar da ita, ba ta mutu ba. Lamba 105 ɗaya ce ta ƙaru, ita ma lokacin da aka ɗauke wuta ne da la'asar, kuma batir ya riƙe ta har na ajiye aikina na kashe da kaina. Na sake jera teburan da suka ɓata. Gobe in Allah ya kai mu zan sayi caja. Batir sai wata ya ƙare. Yaya Bala, ta yaya zan gane na kirki? Ina tsoron a sake haɗa ni da irin na baya. Allah ya saka wa kowa da alheri, Anti Larai, Malam, Alhaji, Mubarak, da ɗan'uwanmu na Maraɗi.

Injiniya Bala:
Amin, ƙanwata. Ki tafi da kwamfutar da cajar ƙawar taki. Ki ɗauki biyun a hannu ki ji nauyi, ta asali tana da nauyi saboda abin da ke cikinta. Ki duba rubutun jikinta, na jabu yakan zo da dusashewa ko kuskuren harafi. Ni na fi yarda da ta asali ta hannu, irin wadda ake cirowa tare da kwamfutocin da aka shigo da su, a kan sabuwa fil a kwali wadda ba a san inda aka yi ta ba. A jona a shagon, ki lanƙwasa wuyan igiyar ta duka ɓangarorin kina kallon fitila, ki yi gwajin F2 ɗin nan a gaban mai shago. In kin koma gida ki riƙa naɗe igiyar sako-sako, ki bar ɗan sarari a wuyan tubalin.

Batir kuwa lambarsa za ki faɗa, CS03XL. Bayan an saka, kafin ki biya, ki sake fitar da rahoton nan ki ga lambobin biyu sun yi kusa da juna, 601 kuma ya daina fitowa. Amma rahoton kaɗai bai isa ba, domin akwai batura da ake sake rubuta musu lissafi su nuna sababbi ne. Ki nemi a rubuta miki garanti a rasit, ko na wata ɗaya ne. A cikin kwanakin ki cika shi, ki cire caja, ki yi aikinki na kullum kina lura ko kashin yana sauka a hankali ko yana tsalle daga 50 zuwa 10. In yana tsalle ki mayar.

Anti Larai:
Tsohon batir ɗin fa, Injiniya? A unguwarmu bola ƙona ta ake yi, yara kuma suna tona ta.

Injiniya Bala:
Kada ya shiga bola, Anti, in wuta ta taɓa shi fashewa yake da ƙarfi. A manne bakin jonarsa da salatif, a bar shi a shagon da aka canza, mu muna tara su daban nesa da rana. Cajar da ta karye ma, Hafsa ta yanke igiyarta kafin ta rabu da ita, don kada wani ya tsinta ya jona wa tasa kwamfutar.